'Yar Lambar Da Ke Kafaɗar Uku

Malam Lissafi mutum ne da ya fi yarda da lamba a kan mutane, kuma bai taɓa ɓoye wa mutanen ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana koyar da 'yan aji shida a makaranta ɗaya, a ɗaki ɗaya ma, mai tagar nan ta hagu da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓacewa a bakin jama'a. Rabin iyayen yaran shi ya koyar da su, ita kanta Shugabar makarantar ta yanzu ta taɓa zama a bencin gaba tana sharar hawaye a kan lissafin rabawa. Saura shekara uku ya ajiye aiki, kuma duk burinsa bai wuce ya ƙarasa su a cikin aji da alli a hannu ba.

Idanunsa ne suka ƙi ba shi haɗin kai. Manyan abubuwa dai yana ganinsu, ƙofa, mota, mutum in ya tunkaro shi. Ƙananan rubutu ne suka fara yi masa wasan ɓuya, in ya kafa wa harafi ido sai tsakiyarsa ta dushe, a bar shi da gefe-gefe. Da farko abin bai dame shi ba, don tsohon littafin lissafi yana kansa daga bango zuwa bango, har da kurakuran maɗaba'a. Sai bana aka sauya littafi, aka kawo wani mai rubutu kamar ƙafar tururuwa. Malam ya tafi can wata unguwa da ba a san shi ba, ya sayo gilashin nan mai mariƙi da ke ƙara wa rubutu girma, ya ɓoye shi a aljihun tebur a gida. Kullum in ya dawo daga makaranta sai ya kulle ƙofa, ya haddace shafin gobe, ya duba littattafan yara ɗaya bayan ɗaya har wuyansa ya ƙage. Da safe ya shiga aji, ya buɗe littafi a hannu yana bin layi da yatsa, ba wanda ya san da ka yake zubo karatun.

Ba don son wahala yake yi ba. Ya ga abin da ya sami Malam Tarihi lokacin da kunnensa ya mutu. Ba a kore shi ba, ai makarantar tana da kara. An dai miƙa masa makullin ɗakin ajiyar littattafai, da kujera ɗaya, da fanka marar aiki, aka ce ya huta. Shekara biyu bawan Allah ya yi yana hutawa a tsakanin kwalaye, ba mai leƙa shi sai mai neman tsintsiya, har ya ajiye aiki ba wanda ya lura da ranar. Tun daga nan in Malam Lissafi zai wuce ƙofar ɗakin sai ya ƙara sauri. Tsoron ɗakin nan yake ji, tsoro na gaske, wanda ba ya iya faɗa wa kowa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya nemi likitan ido. Aka ce ya zo ran Asabar, kuma lallai ya zo da ɗan rakiya, don maganin da za a ɗiga masa zai hana shi ganin hanya na wasu sa'o'i. Nan Malam ya duba gabas ya duba yamma. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa biyu suna aiki a nesa, abokansa kuwa duk malaman makarantar ne. Ba wanda ya rage sai Yaya.

Yaya ta girme shi da shekara shida, tana da shagon ɗinki a bakin titin kasuwa, keke uku da dogon benci na masu jiran kaya. A dangi Gidan Rediyo ake kiranta, tana ji kuma tana amsawa. Ba muguwa ba ce, kowa ya shaida, ita ce farkon zuwa in an kwanta ciwo, ita ce ƙarshen tashi. Magana ce kawai ba ta kwana a cikinta. Ita ta taya mijin maƙwabciyarta murnar ƙarin girma a wurin aiki tun takardar ba ta iso hannunsa ba. Masu kawo mata ɗinki da yawa ba don iyawarta suke zuwa ba, don benci suke zuwa.

A gabanta likita ya faɗi komai. Ya ce ba irin wanda tabarau ke gyarawa ba ne, magani zai rage masa gudu amma ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Ya rubuta takarda, ya buga hatimi. A hanyar dawowa Yaya ta riƙe gwiwar hannun ƙanenta tana tsallakar da shi titi, shi kuma yana lumshe ido saboda hasken rana, yana sa ta alkawari. Ya yi mata bayanin ɗakin ajiya da makulli da fanka. Ya ce ko mijinta kada ya ji.

"Haba, ƙanena," ta ce. "Ni ce fa."

Abin da ke damunsa ke nan.

Ran Litinin darasi ya faɗo kan ƙarfin lamba, babin da Malam ya fi so a duk shekara, kuma wanda ya fi cin idonsa bana, tunda duk sirrin babin yana jikin wata 'yar mitsitsiyar lamba da ake ɗorawa a kafaɗar babba. Ya rubuta uku a allo, ya ɗora mata huɗu a kafaɗa, ya juyo ya tambayi aji nawa ke nan. Hannuwa suka tashi sama, kowa goma sha biyu. Shekara ashirin da bakwai ana ba shi goma sha biyun nan, har ya kai in an yi jinkirin ba shi sai ya ji wani iri. Ya yi musu bayani cewa 'yar ta sama ba ninka ta ake yi da babbar ba, umarni take bayarwa: a jera uku har guda huɗu, a ninka su da junansu. Uku sau uku tara, sau uku ashirin da bakwai, sau uku tamanin da ɗaya. Yara suka yi tsuru-tsuru. Sai ya jawo tsohon misalinsa wanda bai taɓa ba shi kunya ba.

"Ku ɗauka akwai wata mata da ta ji wata magana," ya ce. "Yau ta gaya wa mutum uku. Gobe kowane ɗaya cikin ukun ya gaya wa uku nasa. Jibi ma haka. Ranar farko mutum nawa suka ji?"

"Uku."

"Rana ta biyu?"

"Tara."

"Ta uku fa?"

Kafin su amsa alli ya tsaya a hannunsa. Asabar, Lahadi, Litinin. Yau ce rana ta uku. Shekara da shekaru yana ba da misalin matar nan bai taɓa tambayar kansa a ina ya samo ta ba, yau sai ga fuskarta sarai a gabansa, da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya juya ga allo ya ci gaba da jera lambobi, yanzu ba don yaran ba. Talata tamanin da ɗaya. Laraba ɗari biyu da arba'in da uku. Alhamis ɗari bakwai da ashirin da tara. Juma'a, uku mai bakwai a kafaɗa, dubu biyu da ɗari da tamanin da bakwai, kuma wannan sababbin masu ji ne kawai, ban da na jiya da shekaranjiya. Malaman makarantar duka-duka su goma sha huɗu ne. Kuma in za a faɗi gaskiya, mutum uku a rana ai an yi wa Yaya rowa. Yaran ba su taɓa ganin darasi ya shiga jikin malami haka ba, ranar kowa ya gane, har masu gyangyaɗin bencin baya.

Daga ranar Malam ya shiga tattara shaida, kuma mai neman shaida irin wannan ba ya dawowa hannu rabbana. Ran Talata da safe maigadi ya ce masa ya kula da matakala. Maigadin ya wanke matakalar ne da ruwan sabulu, kuma duk wanda ya shigo sai da ya faɗa masa haka, amma Malam nasa kawai ya ji. Ya ce a ransa, tamanin da ɗaya, har ta iso bakin ƙofa.

Ran Laraba ya baje littattafan yara a gida ya ɗora gilashi, sai ya ga ba ya ma bukatarsa. Yara arba'in, kowa ya rubuta 'yar lambar kafaɗa ƙatuwa, wasu har ta fi uwar girma. Wato maganar ta shiga gidaje, iyaye sun ja kunnen 'ya'yansu su tausaya wa makahon malami. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne yadda shi kansa yake rubuta ta a allo tun da idon ya fara, ƙatuwa yadda zai gan ta. Yaran aji shida kuwa in malami ya ɗiga alli a allo bisa kuskure sai sun kwafe ɗigon.

Ran Alhamis aka liƙa sanarwa a ɗakin malamai, Malamar Turanci ta tashi ta karanta ta da ƙarfi tun daga kwanan wata har sa hannu. Matar nan ko takardar magani ta samu sai ta karanta wa jama'a, don tana son jin muryarta, kuma shekara goma Malam yana tsaki a kan haka. Ranar bai yi tsaki ba. Ya ji kunya ta rufe shi har ya kasa shanye shayinsa, don a ganinsa dominsa aka yi karatun.

Da aka tashi bai nufi gida ba, shagon Yaya ya nufa. Ya tarar da mata biyu a benci, shagon tsit sai ƙarar keke. Shirun nan ya isa hujja, ai ba a taɓa shiga shagon Yaya aka ji ƙarar keke ba. Ya kira ta bayan labule, cikin tulin yadi, ya sauke mata abin da ya kwana huɗu yana tarawa. Ya ce bakinta ya cinye masa aiki. Ya ce tun suna yara haka take, ita ta kai ƙararsa wurin Baba ranar da ya fasa fitila, bayan ta yi alkawari. Ta rantse ba ta faɗa wa kowa ba, ya ce ta riƙe rantsuwarta, shi lamba ya sani, lamba kuwa ba ta ƙarya. Ya lissafa mata maigadi da yara da Malamar Turanci a yatsunsa.

"Da na sani," ya ce, "da ɗan tasi na biya ya riƙe mini hannu. Ya fi mini ke."

Yaya ta dube shi ta daɗe. Wannan matar da ba a taɓa fin ta baki ba, ko kalma ɗaya ba ta mayar ba. Ta ɗaga labule ta koma kan kekenta. Malam ya ƙara shirun nan a cikin shaidunsa ya tafi gida.

Kafin gari ya waye ya gama shawara. Yau Juma'a, ranar dubu biyu da ɗari da tamanin da bakwai, ba yadda za a yi a ce Shugaba ba ta cikinsu. Abin da ya rage kawai ta aiko a kira shi. Shi kuwa mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai a wuri ba zai zauna yarinyar da ya koya wa rabawa ta aika masinja ya kira shi ba. Gara ya je da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa, ko ba komai a ce ya yi ta maza. Ya goge takalmi, ya sa takardar likita da gilashin a jaka.

Shugaba ta miƙe tsaye da ya shigo, haka take yi masa kullum, ta jawo masa kujera da kanta. Ya zauna ya gyara murya.

"Shugaba, na san kin ji."

"Na ji me, Malam?"

Tambayar ta burge shi. Tarbiyya ke nan, ta sani amma tana sakaya masa. Ya ce ba sai ta wahalar da kanta ba, ya gode da karar da ta yi masa duk makon nan. Ta ce in maganar tagar ajinsa ce, ta riga ta yi wa kafinta magana. Ya yi murmushin manya, ya buɗe jaka, ya shimfiɗa takardar likita a kan teburinta, ya ɗora gilashin a kai. Sannan ya kwashe komai ya faɗa mata, haddar shafi da kulle ƙofa da bin layi da yatsa, bai rage ko ɗaya ba. Da yake malami ne, har da misalai.

Yana cikin magana ya lura ba ta gyaɗa kai. Fuskarta dai ba ya ganinta sosai, amma ya ga ta ɗauki takardar, ta karanta, ta sake karantawa, ta ajiye ta a hankali.

"Wallahi, Malam, yanzu nake ji," ta ce. "Ba wanda ya faɗa mini. Ba na jin akwai wanda ya sani a makarantar nan."

Ya kawo maigadi, ta ce ita ma an ce ta kula da matakala. Ya kawo Malamar Turanci, ta ce ai ya san hali. Ya kawo littattafan yara, ta ce ta leƙa ajinsa ran Talata ta ga allo, har ta yi niyyar gaya wa sauran malamai su koyi dabarar, don daga bencin baya ana ganin lambar. Ta tambaye shi to wa ya ce masa ta ji. Ya ce lissafi ya yi. Ba ta yi dariya ba, kuma rashin dariyar ya fi masa ciwo.

"Da da baki kawai ka zo mini, Malam, da sai in ce ban ji da kyau ba," ta ce. "Amma ga takarda da hatimi a kan teburina. 'Yan aji shida ne, jarrabawa ke gabansu. In wani abu ya faru aka tambaye ni, ba zan iya cewa ban gani ba."

Ta ce ba korarsa za a yi ba, Allah ya kiyaye. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, don ya san sauran, ya san har aljihun teburin da makullin yake. Ta ce ya ƙarasa wa yaran wannan babin tukuna, zuwa ƙarshen wata. Ya yi godiya. Ta rako shi har bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, shi ya koma yana ba ta haƙuri, kamar dai lokacin da take kuka a kan lissafin rabawa.

A tsakar makaranta ya tsaya ya sake bin lissafin a ka, don hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Uku, tara, ashirin da bakwai, har ƙarshe. Ba kuskure ko ɗaya. Uku mai bakwai a kafaɗa yana nan dubu biyu da ɗari da tamanin da bakwai, yau da gobe. Ukun farkon ne babu shi. Mutum ɗaya ce ta ji, ta tsaya a ɗaya, ɗaya kuwa ko ɗari ka ɗora mata a kafaɗa ɗaya za ta ba ka. Darasin nan yana shafi na gaba a littafin, shi zai koyar ran Litinin.

Da yamma ya isa shagon. Ba kowa a benci. Yaya tana kan keke tana kafa hannun riga, ba ta ɗago ba, ba ta amsa gaisuwarsa ba sai da ya maimaita. Ya zauna a bencin masu jira, ya ɗora jaka a cinya, ya faɗa mata yadda aka yi a ofis. Bai yi wa kansa kwaskwarima ba. Da ya kai wurin ƙarshen wata, keken ya tsaya.

"Wa ya gaya mata?"

"Ni."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin. Ta ce kwana bakwai ke nan tana haɗiye magana har maƙogwaronta ya yi ciwo. Tsoron kada ta suɓuce mata a tsakiyar wata hira ya sa ta daina hirar gaba ɗaya, har masu kawo ɗinki suna tambaya ko ba ta da lafiya, biyu ma sun kwashe kayansu sun kai wani shago. Mijinta ya tambaye ta me likita ya ce, ta dubi idonsa ta ce tabarau ne kawai, ƙaryar farko da ta yi masa a shekara talatin da biyar.

"Tunda Inna ta haife ni ban taɓa riƙe maganar kowa ba sai taka," ta ce. "Ita ce kuma ka zo har shagona ka ce ɗan tasi ya fi ni."

Malam ya sunkuyar da kai. Nadama ta cika shi har ya rasa ta inda zai kama, shi da bakinsa bai saba da ban haƙuri ba. Ya ce ta yafe masa. Ya sake faɗa. Sannan, da yake ba shi da wani abin da zai ba ta, sai ya ba ta abin da yake ganin ta fi so a duniya. Ya ce yanzu ba sauran sirri, ya sauke mata alkawari, ta faɗa wa duk wanda ta ga dama. Ƙarshen wata kowa zai gan shi da makulli, gara a ji daga bakinta, ita ta iya ba da labari, ba za ta bari a yi masa dariya da yawa ba.

Yaya ta dube shi, ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta nufi ƙofa. Kamar an shirya, maƙwabciyarta mai sayar da zare da maɓallai tana zaune a bakin nata shagon, mako guda tana jin yunwar hira. Tana ganinta ta jawo kujera.

"Yaya, kwana biyu kin yi mana rowa. Wane labari?"

Malam yana hango inuwarta a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin ƙyaure. Ya ji ta ja numfashi irin wanda ya sani tun yana yaro, na fara dogon zance. Ya rufe ido yana jira. Ya ji ƙarar mota ta wuce, ya ji wani yana cinikin guga a tsallaken titi.

"Babu komai," ta ce. "Ƙanena ne ya zo."

Ta saki labulen ƙofa, ta dawo, ba ta koma kan keke ba. Ta zauna kusa da shi a bencin, ta ɗauke jakar daga cinyarsa ta riƙe a tata.

"Maganar ba ta faɗuwa, ƙanena," ta ce. "Na gwada."